Shaidar Da Muke Sayarwa A Kan Sikeli

A ƙasar nan, duk ƙarfen da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa makomarsa ɗaya ce, sikelin ɗan gwangwan. Ko garmar manomi ce ta ci karo da shi, ko lebura ne ya tono shi, ko yaro ya tsince shi a gindin ganuwa bayan ruwan Agusta ya zaizaye ƙasa, ba mai tambayar mene ne wannan. Nawa kilo, ita ce tambayar. A ɗora a sikeli, a jefa a buhu tare da fasasshen bokiti da tsohon wilin keke, a loda a tirela zuwa inda ake narka ƙarfe, ya dawo kasuwa a matsayin rodi. Idan mai haƙa harsashin gini ya tono harsashin igwa, wanda aka harba wa garinsu shekara ɗari da ashirin da suka wuce, hanyar da zai bi ke nan shi ma. Babu hoto, babu rubutu, ba wanda zai san an taɓa ganinsa.

Wannan ɓarna ce babba, kuma ban ɗora laifinta a kan ɗan gwangwan ba. Shi abinci yake nema, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa abin da ke bi ta hannunsa. Laifin namu ne, mu da muka yi karatu, da masarautun da ke tinƙaho da tarihin kakanni, da hukumomin da ake biya albashi don su tsare wannan tarihi. Mun zuba ido ana sayar da shaida mafi ƙarfi a kan yadda aka ci ƙasarmu da yaƙi, kamar ana sayar da tsumma.

Wani zai ce wace irin shaida ce a jikin dunƙulen tsatsa? To, ga ta. Harsashin igwa na da can mulmulallen ƙarfe ne kamar ƙwallo, ana zuba shi a mazubi mai ɓari biyu, shi ya sa ake ganin layin haɗi ya zagaye shi kamar ɗamara. A auna faɗinsa, an san bakin igwar da ta harba shi, domin da nauyin harsashi Turawa ke kiran igwa: mai fam shida, mai fam goma sha biyu. Na fam 12 nauyinsa kusan kilo biyar da rabi ne, faɗinsa santimita 11 da 'yan kai. Kuma kowane iri da aikinsa. Wanda yake a cure, babu rami a cikinsa, na rushe bango ne. Mai rami da ƙofar lagwani an cika shi da albarushi ne don ya fashe inda ya sauka. Akwai kuma gwangwanin da ake ɗura wa ƙananan ƙwallaye, wanda ake sakar wa taron mutane da dawaki idan sun matso kusa. Daga tsakiyar ƙarni na 19 harsashi ya bar siffar ƙwallo ya zama dogo mai tsini, yana barin ɓarɓashin ƙarfe da hular tagulla da ƙwayoyin dalma a inda ya tarwatse.

Duk wannan rabin maganar ce. Ɗaya rabin, wanda ya fi nauyi, shi ne wurin da aka same shi. Harsashi ɗaya a kan teburin wani abin kallo ne kawai. Harsashi talatin da aka rubuta inda kowanne yake kwance taswira ce: a nan aka girke igwa, can ta nufa, nan mutane suka tsaya, nan suka watse. Da zarar an ɗauke shi ba tare da an rubuta wurin ba, an yanke masa harshe. Saboda haka mai yawo da na'urar gano ƙarfe a tsoffin sansanonin Amurka yana tara wa kansa kayan ado, da ɗan gwangwan ɗinmu mai buhu, ɓarna ɗaya suke yi. Bambancin kawai, wancan ya san abin da yake yi.

Duba abin da ya faru a Ingila. A 1485 aka gwabza yaƙin Bosworth, inda aka kashe Sarki Richard na Uku, sarautar ƙasar ta koma wani gida. Shekaru da dama ana kai 'yan makaranta da baƙi wani tudu ana nuna musu cewa a nan aka yi, har an gina wa wurin cibiyar baƙi. Sai masu bincike suka bi gonakin yankin taki-taki, suna rubuta duk abin da suka tsinta. A 2009 suka fara cin karo da harsasan igwa na dalma, waɗanda daga baya suka haura talatin, a wani fili mai nisan kusan kilomita uku daga tudun. Ashe duk shekarun nan ba a wurin ake tsayawa ba. Littattafai sun yi ta gardama, ƙarfe da dalma suka raba gardamar.

Na Amurka ya fi kusa da ciwonmu. A 1876 mayaƙan Lakota da Cheyenne, 'yan asalin ƙasar, suka hallaka Custer da sojojin da ke tare da shi a Little Bighorn. Fiye da shekara ɗari labarin da farar fata ke bayarwa shi ne na jarumai da suka tsaya cikin tsari har mutum na ƙarshe. Tsofaffin Lakota da Cheyenne sun faɗi akasin haka, aka ɗauki maganarsu tatsuniya. A 1983 gobara ta cinye ciyawar filin, a 1984 da 1985 masu bincike suka shiga suna rubuta wurin kowane kwanson harsashi. Da yake kowace bindiga tana barin tabonta a jikin kwanso, sun iya bin sawun bindiga ɗaya daga wannan wuri zuwa wancan. Abin da ƙasa ta nuna ya fi kama da abin da tsofaffin nan suka faɗa: tsarin sojojin ya wargaje, firgici ya shige su. Waɗanda aka ƙaryata shekara ɗari, kwanson tagulla ne ya wanke su.

Yanzu mu tambayi kanmu, wa ya rubuta mana yadda aka ci ƙasar Hausa? Mafi yawan abin da ake karantarwa daga rahotannin Gwamna Lugga da hafsoshinsa ya fito, rahotannin da aka rubuta don manyan London su karanta su gamsu, don a sami lambar yabo da ƙarin girma. Wanda ya yi harbin shi ya ƙirga gawa, shi ya faɗi dalilin harbin. A namu ɓangaren akwai wasiƙun sarakuna, da waƙoƙin malamai irin su Alhaji Umaru na Salaga a kan zuwan Nasara, da labaran da kakanni suka bari a baki. Waɗanda suka gani da ido duk sun riga mu gidan gaskiya. Shaida na uku da ya rage, wanda ba ya neman girma wurin Sarkin Ingila kuma ba ya tsoron fada, yana kwance a ƙarƙashin gonakinmu da unguwanninmu.

A Janairun 1897 sojojin kamfanin Royal Niger na George Goldie suka auka wa Bida da bindigogi masu ruwa da igwa, ciki har da igwa ƙirar Whitworth. Ita wannan cikin bakinta kusurwa shida gare shi, harsashinta ma haka, a murɗe. Ba ya ɓuya. Wanda ya tsinci guntunsa a gonakin Bida ya tsinci sa hannun wannan hari. A Satumbar 1901 Kanar Morland ya kai wa Yola farmaki, ya tarar Lamiɗo Zubairu na da igwa biyu da Bafaranshe Mizon ya bari shekarun baya, kuma an harba wa Turawan su. Ke nan a ƙasar Yola ƙarfen Ingila da na Faransa suka haɗu, ɗaya daga hannun mai mamaya, ɗaya daga hannun mai kare gida.

Sai Kano. A ƙarshen Janairun 1903 Morland ɗin nan ya taso daga Zariya da sojoji ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa huɗu masu baki milimita 75, da bindigogi masu ruwa. A hanya suka fasa ƙofar Bebeji da igwa. Ranar 3 ga Fabrairu suka tsaya a bayan badala, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Turawan da kansu sun rubuta cewa badalar ta ba su mamaki, kuma igwarsu ba ta yi mata komai ba. Dalili sananne ne ga masu ginin yaƙi a ko'ina: dutse harsashi ke farfasawa, ƙasa mai kauri haɗiye shi take yi. Sai da suka bar bango suka koma kan ƙofa, suka shiga ta Kabuga. Ƙyauren ƙofar yana Gidan Makama ana kallo. To, ƙarfen da badala ta haɗiye fa? Badalar ce muka ɗebe ƙasarta muka yi tubali, muka yanka ta filaye, muka dasa shaguna da gidajen mai a kanta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. A Kabuga an haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa. Tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma kullum gajarta take yi. Duk tifar ƙasa da ta bar gindin badala ba a tankaɗe ta ba, shafi ne aka yage daga littafin da ba shi da kwafi.

Jerin na da tsawo. Akwai filin Giginya a Sakkwato, inda aka kara ranar 15 ga Maris 1903. Akwai Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane ranar 27 ga Yuli na shekarar. Akwai Satiru, wadda aka shafe a Maris 1906 aka hana sake gina ta, ƙiyasin da ake yawan kawowa na mamata ya kai dubu biyu. Akwai Haɗeja a Afrilun 1906, inda aka kashe Sarki Muhammadu Mai Shahada. A Dikwa gidan yaƙin Rabe yana nan tsaye, shi da ya ƙwace igwa daga hannun Faransawa a 1899 kafin su kashe shi a Kusuri a 1900. A Agadas, Kawusan ya tsare sojojin Faransa a cikin barikinsu daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917, yana harba musu igwar da aka ƙwato daga Italiyawa a Libiya. Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan, da a wata ƙasa yake, da an auna shi taki-taki.

Na san amsar farko da za a ba ni. Za a ce tarihin shan kashi ne, me za a yi da tono shi, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan karin magana ta zama mana bargon lalaci. Wanda bai san abin da ya kayar da shi ba, gobe ma shi zai sake kayar da shi. Mun saba ba wa kanmu labari mai daɗin ji: cin amana ce, wane ne ya buɗe ƙofa, wa'adi ne ya cika. An yi cin amana, an yi saɓani tsakanin sarakuna, kuma komai da ƙaddarar Allah yake faruwa. Amma ƙaddara tana zuwa da sababi, kuma sababin yana rubuce a jikin ƙarfen. Ɗauki guntun harsashin milimita 75 ka duba yadda aka dabe shi daidai wa daida, yadda dubunsa za su shiga baki ɗaya babu wanda ya fi wani ko da gashi. A bayan wannan guntu akwai ma'adinai, da tanderu, da injin gyare ƙarfe, da makarantar da ta koyar da lissafin nisa. Mahayan Kano da suka faɗa wa layin bindiga a Kwatarkwashi tare da Waziri Ahmadu ba su rasa zuciya ba. A maƙera aka ci mu, tun kafin a fita fagen fama.

Kuma ba wai kakanninmu ba su hango ba. Sarkin Damagaram Tanimu, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba masa igwa a cikin birninsa, ana kuma haɗa albarushi a gida. Duk harsashin da aka tono a tsohon Birnin Damagaram zai iya gaya wa ɗalibin kimiyyar ƙarfe yadda waɗannan maƙera suka yi aikinsu, da inda suka samo abin zubi, da inda fasaharsu ta tsaya. Wannan ilmi ne na gida. Mu kuwa jikokinsu, masu digiri, mun kafa masana'antar makamai a Kaduna tun 1964, mun aza harsashin kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun wajen 1979, har yau bai kama aikin da aka gina shi dominsa ba, muna kuma sayen manyan makamai daga waje. Darasin da ƙarfen 1903 ya zo da shi bai tsufa ba. Ba mamaki muke son a narka shi, tunda madubi ne.

Amsa ta biyu ita ce, ai kayan Turawa ne, ba namu ba. Tabon da ke jikinka naka ne, ko da wuƙar ta wani ce. Sannan wa ya ɗura igwar? Hafsoshin Turawa 'yan ƙalilan ne. Rundunar da Lugga ya kafa daga 1897, yawancin sojojinta Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa, da yawansu bayi ne da suka tsere ko talakawan da ba su ga abin karewa ba a mulkin da ke kansu. Su suka ɗauki igwar gunduwa-gunduwa a ka, su suka ja kunama. Wannan magana ce mai ɗaci, ba a yin ta a bikin hawan sallah. Amma tsoffin sansanonin Lokoja da Jebba da Zungeru suna riƙe da labarin waɗannan mutane a cikin jujinsu: maɓallin kaki, kwanson harsashi, fasasshiyar tukunya, guntun ƙarfen igwa. Ƙarfe ba ya kara. Zai tona asirin Nasara, zai tona na Rabe da ya ƙone Kukawa a 1893, zai tona na sarakunan da suka mai da maƙwabtansu abin farauta. Wannan rashin karar ce ta sa ya fi kirarin maroƙi amfani.

Amsa ta uku ita ce wadda ta fi kama hankali: mutane na jin yunwa, kai kana zancen tsatsa. To, mu yi lissafin yunwar. Harsashi mai kilo biyar da rabi, idan an auna shi, kuɗinsa bai wuce cefanen yini ba, kuma sau ɗaya ake sayar da shi. A Ghana, gidajen yaƙin bakin teku irin su Elmina, wanda mutanen Fotugal suka gina a 1482, da Cape Coast, suna nan da igwarsu a jere da tarin harsasai a gefe. Tun 1979 suke cikin jerin UNESCO. Mai jagorar baƙi na ci daga gare su, mai tasi na ci, mai abinci na ci, shekara da shekaru, ƙarfen kuma yana inda yake. Tarihinsu ma ba na daɗi ba ne, na cinikin bayi ne, amma ba su narka shi ba. Wanda ya sayar da irin shuka don cefanen yau bai yi maganin yunwa ba.

Akwai kuma abin da ya fi tarihi gaggawa, wato rai. Tsohon harsashi mai albarushi ba ya mutuwa don ya yi tsatsa. A 2008 a jihar Virginia ta Amurka, wani ƙwararren mai tara kayan yaƙin basasar ƙasar, wanda ya daɗe yana gyara irinsu, ya rasa ransa a ƙofar gidansa lokacin da wani harsashi mai fiye da kilo 30 ya tashi da shi yana cikin aiki a kansa. Yaƙin ya ƙare tun 1865. A 2016 guguwar teku ta tono wasu a gaɓar Folly Beach, sai da masu kwance bam suka zo. A 2017 masu gini a birnin Pittsburgh suka faɗa kan ɗaruruwan harsasan igwa a inda tsohuwar ma'ajiyar makamai take, aka tsayar da aiki aka kira ƙwararru. A nan gida, gobarar rumbun makamai ta barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002 ta ci rai fiye da dubu, kuma har a 2023 sojoji na aikin tsince ragowar bama-bamai a wurin. Yanzu ka tuna yadda ake mu'amala da ƙarfe a wurin 'yan gwangwan: a buga da guduma, a yanka da wutar walda, a ƙona don a raba shi da datti. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ne ke wannan aiki, da silifa a ƙafarsa.

A Arewa maso Gabas abin ya ninka, domin a kan tsohon ƙarfen Rabe da na Turawa an zuba sabon na yaƙin Boko Haram. A 2023 gwamnatin Borno ta haramta sana'ar tsintar ƙarafa, bayan an yi ta kashe masu shiga daji nemansu. Hani kaɗai ba ya koya wa yaro bambancin ƙwallon da yake a cure da mai ƙofar lagwani. Haɗari kuma bai zama hujjar shafe tarihi ba. Inda aka san aiki, ana ɗaukar hoto, a auna, a rubuta wurin, sannan masu kwance bam su yanke hukunci: wanda babu komai a cikinsa ya tafi gidan tarihi, mai rai a tarwatsa shi. An tsira da rai, an tsira da labari.

Abin haushi, doka tana nan. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma wajabta wa wanda ya ci karo da su ya sanar. Je ka tambayi lebura goma a wurin gini ko sun taɓa jin wannan. Dokar da ba a fassara ta da Hausa ba, ba a karanta ta a rediyo ba, ba a faɗe ta a fadar dagaci ba, takarda ce kawai a cikin durowa. Muna ta ɗaga murya a dawo mana da tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, kuma muna da gaskiya. Amma da wane ido za mu dubi wanda ya ajiye kayan sata a cikin gilashi shekara ɗari, alhali namu da ba wanda ya sace, mu da kanmu muke aika shi tanderu?

Ga abin da ya kamata a yi, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, jihohi da masarautu su shata filayen da aka san an yi yaƙi ko an kafa sansani a kansu, a sa doka cewa ba mai haƙa titi ko gini a ciki sai masu binciken ƙasa sun riga katafila shiga. Kuɗin wannan bai kai na fentin gada ɗaya ba. Na biyu, a zauna da shugabannin 'yan gwangwan, domin suna da ƙungiyoyi kuma suna jin maganar manyansu. A ba su hotunan irin waɗannan ƙarafa, a koya musu wanda ke kisa, a kuma sa tukuicin da ya fi farashin sikeli ga duk wanda ya nuna inda abu yake bai taɓa shi ba. Su suka fi kowa yawo a kufai da juji. A mai da su idon tarihi maimakon makabartarsa. Na uku, jami'o'inmu. Akwai sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai sassan tarihi a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Ɗalibi nawa ne ke sake tauna rahoton Lugga don ya sami digiri, alhali Burmi da Satiru na nan motar haya ke kai mutum? Na huɗu, masu kuɗinmu da ke zuba miliyoyi a bikin naɗin sarauta su ɗauki nauyin bincike ko da na rani ɗaya ne. Wanda ke son sunansa ya daɗe, ga hanya.

Kai kuma mai karatu, wayar da kake karanta wannan da ita ta isa kayan aiki. In ka ga mulmulallen ƙarfe ko dogo mai tsini ya leƙo daga ƙasa, musamman kusa da tsohuwar ganuwa ko tsohon bariki, kada ka taɓa, kada ka bari yara su taɓa, kada a buga, kada a kai kusa da wuta. Tsaya daga nesa ka ɗauki hoto, ka adana alamar wurin a taswirar waya, ka gaya wa mai unguwa da 'yan sanda, ka aika wa gidan tarihi mafi kusa. Idan an yi maka dariya, ka jure. Jikanka zai tambayi yadda aka yi mutum ɗari bakwai suka shiga birnin da ganuwarsa ta gagari igwa. Amsar tana iya kasancewa a jikin wannan guntun tsatsa, muddin bai riga ya zama rodi a dakalin wani ba.